Tambayar da Na Yi wa Surukina a Tasha

Cikin duk ranakun da na yi a ɗakin wankin ciwo, akwai guda da har yau ba ta sake ni ba, ita ce ranar da na bi surukina tashar mota da farar rigar aiki a jikina, na tsuguna gaban jama'a na yi masa tambayar da ba a yi wa suruki. Yaran da na koya wa aiki kafin in yi ritaya sun sha jin gutsuren labarin a bakin wasu, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Gara su ji shi cikakke daga wurina, tunda ni na sha kunyar.

Ni jami'in lafiya ne, ba likita ba, ko da yake a Birnin Kebbi duk wanda ya sa farar riga likita ne a bakin mutane. Ga wanda bai san aikinmu ba, ga yadda yake. Likita ya duba ciwo, ya ɗinke, ya rubuta magani, sai a turo mana mutum. Mu ke kwance bandeji, mu wanke, mu duba ko ciwon ya yi ruwa ko yana haɗewa, mu sake ɗaurewa, mu faɗa wa mutum ranar dawowa. In lokaci ya yi mu cire zare mu sallame shi. Aiki ne na hannu da ido, kuma ina alfahari da nawa hannun, don tsofaffi har layina suke zaɓa.

Shugabar sashenmu a lokacin ita ce Sista Rifkatu, 'yar Filato, wadda ta daɗe a Kebbi har 'ya'yanta sun fi ni iya "munka" da "sunka". Babbar nas ce, ta kuma yi kwas na kula da masu ciwon damuwa da taɓin hankali. Ba ta da mugunta, amma in ta kira sunanka sau ɗaya ta yi shiru, za ka fara tuna laifukanka tun na makon jiya.

Surukina kuwa ba zan rubuta sunansa ba, don har yau bakina bai iya shi ba. Baba nake ce masa. Shi ne mahaifin matata Kulu, masunci ne, kuma da damina yana fito da kwalekwale a wani mashigi kusa da Argungu, ya haye da manoma da masu zuwa kasuwa. Yana da jika, Nasiru, ɗan farin Bello ƙanin Kulu. Kamar yadda aka saba da ɗan fari, tun da aka yaye shi aka kai shi wurin kakanni, iyayen suna nan unguwar Badariya a Birnin Kebbi inda Bello ke ɗinki. Yaron ya tashi a gindin Baba, tare suke ci, tare suke shiga ruwa, kullum suna tsokanar juna.

A daminar wata shekara ruwa ya cika ya yi ƙarfi, kwalekwalen ya kife da su a tsakiya. Kowa ya fita sai Nasiru. Aka yi zaman makoki, kowa ya zo ya ce ƙaddara ce, sai haƙuri. Bello da matarsa Luba ba su yi kuka gaban mutane ba, ba su ma ambaci sunan yaron ba, don kunyar ɗan fari, har ana yabon dauriyarsu. Baba ya jawo kwalekwalen tudu ya kife shi, bai ƙara shiga ruwa ba.

Da kaka, ana tsakiyar yankan shinkafa a fadama, wata safiya sai ga Bello ya shigo asibitinmu riƙe da Baba, hannun Baba naɗe da tsumma. Motar haya suka ɗauko tun daga Argungu, suka wuce asibitin can, suka zo wurina. Bello ya ce wa likita lauje ne ya zame. Likitan matashi ne, layi ya yi masa yawa, ya dube ni, ni kuma na ɗaga kai alamar haka ne. Ya ɗinke ya rubuta magani.

Wanda ya shekara yana wanke yankan lauje ya san shi, kuma wannan ba shi ba ne. Tun kallon farko na gane Baba da kansa ya ji wa kansa ciwon. Bello ya ja ni bayan ɗaki, idonsa jawur.

"Yaya Garba, can kowa ya san Baba. Shi ya sa munka taho wurinka. Don Allah ka ruhwa muna asiri."

"Ba komi," na ce. "Asirinku nawa na."

Aka shirya Baba ya zauna gidan Bello a Badariya har ciwon ya warke, ya riƙa zuwa wanki. Duk muka ga dabara ce mai kyau: ga shi nesa da idon mutanen Argungu, ga ɗansa kusa, ga Luba mai ladabi za ta kula da cinsa. Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin wane gida muka kai shi.

Ranar farko da na kwance bandejin ce ta fi ba ni wuya. Tunda na auri Kulu ban taɓa cin abinci gaban Baba ba, ban taɓa zama kan kujera yana ƙasa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na je Argungu, tun daga zaure nake tuɓe takalmi in tsuguna daga nesa, shi ma ya amsa gaisuwa yana kallon wani gefe. Yau ga shi an zaunar da shi kan benci, aikina in kama hannunsa. Na rasa yadda zan tsaya a kansa, sai na sauke tiren kayan aiki ƙasa na tsuguna, a haka na yi wankin. Abokan aiki suka samu abin yi. In sun hango Baba daga ƙofa sai su ce, "Garba, a shimfiɗa tabarma, an buɗe zauren gaisuwa." Ina dariya tare da su, amma ta ciki na ciki.

Sista Rifkatu ta leƙo sau ɗaya ina wankin, ta dubi hannun, ta wuce. Da Baba ya tafi ta kira ni ofis ta rufe ƙofa.

"Garba, dattijon nan me ya same shi?"

"Lauje ne, Sista."

"Ni ma a gonar acca na tashi. Na san lauje. Sake faɗa."

Sai na zauna na gaya mata komai, tun daga kifewar kwalekwale. Ta saurara har na gama.

"Ka tambaye shi ko yana da niyyar sakewa?"

"Sista, surukina ne fa."

"Na ji. Ka tambaye shi?"

A lokacin, kamar yawancinmu, ɗauka nake wanda ya ji wa kansa ciwo ya tsira ya ga iyakarsa, tsoro ya kama shi, ba zai ƙara ba. Wasu ma cewa suke neman a kula da shi yake. Sista ta ce sam ba haka ba ne. Ta ce makonnin da ke biyo baya, har watanni, su ne mafi haɗari, balle ga dattijo namiji da ba ya magana. Ta ce tambaya ba ta dasa wa mutum tunanin da babu shi a ransa, kuma kewaye-kewaye ba tambaya ba ne, sai an kira abin da sunansa. Na ce to, na ji. A raina kuwa cewa nake, ita ba ta san mene ne suruki a wurinmu ba.

Ba ta zauna ta jira ni ba. A zuwa na gaba ta fitar da ni, ta zauna da Baba ita kaɗai. Ya ce mata lafiya lau, ya gode Allah, ya tambayi yaranta, ya sa musu albarka. Ta sanar da likita gaskiyar ciwon, aka rubuta wa Baba ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa. Ta kira Bello ta ce kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi. Bello ya yarda da wannan, amma da ya ji zancen likitan ƙwaƙwalwa sai ya haɗe rai ya ce Baba ba mahaukaci ba ne, kuma ranar ta zo ta wuce ba su je ba.

"Ba zai buɗe mini ciki ba," in ji Sista. "Ni mace ce, kuma baƙuwa. Kai ne nasa, kai kake riƙe hannunsa. Ga ɗaki, ka rufe ƙofa ka tambaye shi."

Allah ya sani na yi niyya. Duk ranar wankin Baba, tun daga unguwarmu Gesse nake jera maganar a kan babur, in gyara nan in sassauta can, har in ji ta zauna. Da na tsuguna gabansa na ga furfurar gemunsa ta gefen ido, sai komai ya watse.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Allah shi ƙara sauƙi."

"Amin."

Iyakar hirarmu ke nan, zuwa bayan zuwa. Na gwada taɓa zancen a gida, Kulu ta ajiye ludayi ta dube ni ta ce, "Lauje na. Kar in ƙara jin wata magana." Na ji daɗin da ta rufe mini baki, don ta ba ni abin fakewa. Ciwon kuwa yana ta haɗewa tsaf, ni kuma ina kallon hannun ina gaya wa kaina ai mutumin ma haka yake warkewa.

Ranar cire zare Baba ya zo shi kaɗai. Ya yi aski, ya sa farar riga wankakkiya, yana ƙamshin turare, ga leda cike da busasshen kifi da aka aiko masa daga gida, ga goro. Tun daga ƙofa yake fara'a, har ya mayar wa masu tsokanata martani, aka yi ta dariya. Na cire zaren, wurin ya yi kyau, ban taɓa jin daɗin aikina kamar ranar ba. Da na gama ya miƙe ya dubi ɗakin.

"Jama'a, na dame ku kwana da kwanaki. Duk wanda nis saɓa ma, shi yahe min."

Kowa ya ce, "Haba Baba, ba ka yi muna komi ba, Allah shi yahe muna baki ɗaya." Ya raba kifi da goro. Ya bi ta tagar masu ba da magani ya nemi gafara, ya je wurin masu yankan kati, ya tsaya wurin matar da ke shara, har mai gadi bai bari ba. Ina jin mata a layi suna cewa, "Allah sarki, dattijon arziki." Wani abokin aikina ya ce mini a kunne, "Ka gani? Ya yi nadama, ya koma ga Allah. Shi ke nan kuma."

Na raka shi bakin ƙofa. Nan ya juyo, karo na farko tunda na san shi, ya dube ni cikin ido.

"Malam Garba, Kulu amana ta a hannunka. Tana da hushi, amma ba ta da riƙo. Kwalekwalen nan, ka ce ma Bello shi ba maƙwabcina, ya daɗe yana so nai. In na yi maka wani abu, ka yahe min."

"Ba ka yi min komi ba, Baba. Ina Bello?"

"Yana shago. Kar a tashe shi, na san hanyar gida."

Ya tare mai babur ya hau. Abin da na ji a lokacin, in faɗi gaskiya, sauƙi ne, kamar an sauke mini buhu daga ka. Na tsira, ban yi tambayar ba, kuma ga shi komai ya daidaita da kansa.

Sista tana ɗakin majinyata lokacin da aka yi wannan duka. Da ta dawo na tare ta da nata kason kifin, bakina har kunne, na kwashe labari na ba ta. Ba ta karɓi kifin ba.

"Ya nemi gafarar kowa?"

"Kowa, Sista, har mai gadi."

"Makka za shi?"

"A'a."

"Azumi ya kusa? Ko tiyata za a yi masa?"

"A'a."

"To Garba, kai ka fi ni sanin al'adarku. Ina mutum za shi da yake irin wannan sallama, har ya ba da jirginsa?"

Sai a lokacin na gane. Neman gafara abu ne da muka tashi muna gani, abin yabo ne, shi ya sa ɗaki guda na ma'aikatan lafiya muka tsaya muna sa albarka, ba wanda ya ji komai. Sista ta ce, "Ɗauki babur. Kira Bello a hanya. Ni zan nemi likita da gado. Kada ka dawo ba tare da shi ba."

Ko rigar aiki ban tsaya cirewa ba. Na gane gidan da ya ce ba na Bello ba ne, Argungu yake nufi, sai na kira Bello na ce ya same ni a tasha. A tasha, wajen motocin Argungu, na hango shi a kujerar baya jikin taga, ɗan kamasho yana ta kiran saura mutum biyu. Direban ya san Baba, rabin fasinjojin ma mutanen Argungu ne. Na je na tsuguna jikin ƙofar motar, cikin ƙura da baƙin mai.

"Baba, akwai sauran magani da anka manta. Ka sauko mu koma."

"A ba Bello."

"Likita na son ganin ka."

"Na gan shi, ya gan ni. Koma wurin aikinka."

Wata mata ta zo da kaya ta shiga. Saura mutum ɗaya. Na roƙe shi ya sauko mu koma gefe, ina da magana. Ya ce, "Hwaɗi nan, ina jin ka." Direba ya tayar da inji, ɗan kamasho yana ihu a kaina, na ga wani mutum ya nufo motar da jaka. Na so in yi maganar a hankali, amma ƙarar inji ta sa na ɗaga murya fiye da yadda na sani.

"Baba, ciwon nan ba lauje ba na, na sani tun ran farko. Kashe kanka za ka yi in ka isa gida?"

Kowa a motar ya ji. Matar da ta shiga ta ce, "Subhanallahi!" Wani tsoho a gaba ya waiwayo ya ce, "Wanga wane marar tarbiyya na?" Direba ya amsa masa, "Surukinai na, mijin ɗiyatai." Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na gode mata.

Baba ya juyo ya kalle ni.

"Ni kaka hwaɗa ma haka? Gaban mutane? Ɗiyata nib ba ka, ban ba ka mutuncina ba."

Ban taɓa jin magana ta sare ni kamar wannan ba. Ƙafafuna suka ce in tashi in ba da haƙuri in ɓace. Abu ɗaya ya riƙe ni a tsugune: duk faɗan nan, bai ce a'a ba. Kuma na san Baba, ko a kan farashin kifi ba ya rantsuwar ƙarya.

"Na ji, Baba. Duk abin da za ka yi min, na ɗauka. Amma ba ka ce a'a ba. Ka ce a'a, ka rantse da Allah, in tashi in ba ka hanya."

Bai rantse ba. Ya dubi mutanen motar, kowa ya sunkuyar da kai. Sai ya tura ƙofa ya sauko, ina jin don ya guje wa idanu ne, ba don ni ba. Ya taka har bayan masallacin tasha ya zauna kan wani benci. Na bi shi na tsuguna daga nesa yadda na saba. Motar ta cika ta tafi ba shi.

Da ya fara magana, ba ni yake kallo ba.

"Kun kai ni gidan uwar yaron. Kullum Luba ta durƙusa ta aje min tuwo ta ce, Baba a ci. Ɗanta hwa. Ya riƙe min riga cikin ruwa, Garba, na ji sa'ad da hannunai yas saki. Da ta zage ni ko sau guda, da na samu inda zan aje kaina. Ba ta kira sunanai ba, Bello bai kira ba, Kulu ba ta kira ba. Duk kun haɗiye shi kamar ba a haihe shi ba."

Babu abin da aka koya mini a makarantar kiwon lafiya da ya zo mini a kai. Sai na ji bakina ya ce, "Nasiru." Baba ya zabura kamar na taɓa masa ciwo. Na ce, "Nasiru ne yas sa min ɗanyen kihi cikin takalmi, ran da niz zo gaisuwar salla na tuɓe su a zaure. Na sa ƙahwa na yi tsalle. Na ji ka kana dariya daga ciki, Baba, ka ɗauka ban ji ba."

Ya yi wani sauti, rabi dariya, sai kuka ya ƙwace masa. Ganin hawayen suruki wata kunyar ce ta daban, ban san inda zan sa idona ba. Na kafa shi a ƙasa, amma ban tashi ba. Da ya lafa na sake yin tambayar, wannan karon a hankali, kamar yadda ya kamata in yi ta tun farko. Ya ce, "Awo. Haka niy yi niyya." Ya gaya mini abin da ya shirya, wannan kuwa ba zan rubuta shi ba. Na ce masa ba zan bar shi shi kaɗai ba, kuma asibiti za mu koma. Bai ce to ba, amma da Bello ya iso a guje da keke napep, ya tashi ya shiga da ƙafarsa.

Sista ta riga ta samu gado. Likitan ƙwaƙwalwa ya gan shi ranar, aka kwantar da shi, aka fara magani, ana zama da shi ana hira. Sista ta zaunar da Luba a ofis, ban san me suka ce ba, amma washegari Luba ta shiga wurin Baba ta kira sunan ɗanta gabansa, suka yi kukan da ba su yi ba tun damina. Da aka sallame shi ba a ce shi ke nan ba. An tsara wanda zai riƙa kwana kusa da shi, an kawar da abubuwan haɗari daga gidan, an sa ranakun dawowa, Sista kuma tana bugo waya ta ji ko an zo. Wani malamin unguwarsu, Allah ya saka masa, bai tsaya yi masa wa'azin wuta ba, zuwa yake da yamma su zauna. Duk da haka bayan wasu watanni Baba ya sake daina ci da magana, aka dawo da shi, aka sake ɗagowa. Abin ba ya tafiya a miƙe.

Labari kuwa ya riga motar isa Argungu. Asirin da aka kawo mini in rufe, ni na tona shi, a tasha, da babbar murya. Kulu ta ce, "Ka tozarta ubana gaban 'yan kamasho," ta daɗe ba ta yi mini magana in ba ta kama dole ba. Bello ya zo daga baya ya yi godiya, amma a ɓoye. Har yau in na sauka Argungu akwai masu nuna ni da baki.

Ban yi nadamar tambayar ba. Abin da ke ci na shi ne inda na yi ta. Ina da ɗaki mai ƙofa, ina da makonni, ina riƙe da hannunsa, kunya ta hana ni buɗe baki har sai da ya zama dole in yi ta gaban garinsu. Kunyar da na yi ta tattali tawa ce, ba tasa ba, kuma shi ya biya.

Shi ya sa nake gaya wa yaran da suka gaje mu: in aka kawo muku wanda ya ji wa kansa ciwo, haɗewar fata ba warkewa ba ce, cire zare ba sallama ba ce. Ku rufe ƙofa ku tambaye shi kai tsaye, tun zuwan farko, ko wane ne shi, ko da hakimi ne, ko da malaminku ne. Ku haɗa shi da likitan da ya san abin, ku gaya wa danginsa kada su bar shi shi kaɗai, ku bi sawu in bai dawo ba. In kuka ga wanda ya daɗe cikin baƙin ciki ya wayi gari fes, yana rabon kaya yana neman gafara, kada ku yi saurin cewa amin. Mutanenmu suna da kirki, rufin asiri da kawaici a jininsu suke, ni ma da su aka rene ni. Amma a wannan aikin akwai ranar da za ka zaɓa tsakanin a ce kana da kunya da mutum ya kwana da rai.

Baba yana nan, ya tsufa ƙwarai, bai koma ruwa ba, saƙar raga yake yi wa matasa. Tun ranar tasha bai ƙara yarda mun haɗa fuska ba. In na kai Kulu gida, ita ta shiga ɗakinsa, ni in tsuguna a waje, asabari a sake tsakaninmu. In yi gaisuwa, ya amsa da kalma ɗaya, wani lokacin ma aike yake yi a ce ya amsa. Kulu takan ce in daina wahalar da kaina, tunda ba ya son ganina. Ni kuwa ba gani nake zuwa yi ba. Nakan ɗan jima a tsugune har in ji ya yi tari daga ciki, ko ya daka wa wani jika tsawa, sannan in tashi in sa takalmina.